Wane Harsashi Ya Fi? Sharhi Kan Bidiyoyin Kwatanta Bindigogi Da Ke Yawo A Wayoyinmu

Idan kana zama teburin mai shayi a Kawo ko Unguwan Sarki bayan isha'i, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wannan musun ba. Wani zai ciro waya, ya kunna bidiyon wani Bature a filin harbi can Amurka, ya jera harsasai a kan tebur yana kiran lambobi: 6.5, .308, 5.56. Kafin shayi ya huce an rabu gida uku. Wannan ya ce babba ya fi, wancan ya ce ai siririn ne ke zuwa nesa, na uku kuma ya rantse cewa yayansa soja ne, kuma ya gaya masa babu kamar AK.

Ba abin mamaki ba ne. Kaduna garin soja ne tun kafuwarsa. Hedikwatar Runduna ta 1 tana Kawo, makarantar horar da hafsoshi ta NDA a nan aka buɗe ta a 1964, Jaji na kan hanyar Zariya, masana'antar ƙera makamai ta DICON kuma, wadda ita ma aka kafa a 1964, tana tsallaken kogi a Kakuri. Kusan kowa yana da wani nasa mai kaki, don haka kowa yana da ra'ayi.

Mun zauna mun kalli irin waɗannan bidiyoyi da jadawalai na kwatanta harsasai, waɗanda ke yawo a YouTube da TikTok da Facebook, muka auna su da ma'aunin fiziks. Akwai inda suka faɗi gaskiya, kuma za mu ba su haƙƙinsu. Akwai inda suka yi kwana, akwai kuma abin da suka yi shiru a kai, wanda shi ne ya fi shafar ka, kai da ke zaune a gari mai cike da jama'a.

Me lambar take nufi?

Mu fara da kalmar kaliba. Ma'anarta faɗin ramin bututun bindiga, ko dai a milimita ko a inci. Shi ke nan. Ba ta gaya maka nauyin harsashi, ba ta gaya maka yawan albarushin da ke bayansa, balle gudunsa.

Ɗauki lambar 7.62 da kowa ya haddace. Akwai 7.62×25 na ƙaramar bindigar hannu ta Tokarev. Akwai 7.62×39 na AK-47, wanda Tarayyar Sobiyat ta fito da shi a 1943. Akwai 7.62×51 na bindigogin G3 da FN, wanda ƙungiyar NATO ta amince da shi a 1954, tagwaye da .308 Winchester na mafarauta da ya shigo kasuwa a 1952. Lamba ta biyun, wato 25 da 39 da 51, ita ce tsawon kwanso a milimita. Kwanso mai tsawo ya fi ɗaukar albarushi.

To duba bambancin. Harsashin AK nauyinsa kusan giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa. Na G3 giram 9.5 ne, yana fita da kusan mita 840 a daƙiƙa. Kuzarin motsi ana lissafa shi da rabin nauyi sau gudu sau gudu, ana auna shi da jul. Idan ka buga lissafin, na AK zai ba ka kusan jul 2,000, na G3 kusan jul 3,350, na Tokarev kuma tsakanin 500 da 700. Suna ɗaya, hali daban. Duk wanda ya ce maka "7.62 ya fi 5.56" ba tare da ya faɗi wane 7.62 ba, bai fara maganar ba tukuna.

A nan yawancin bidiyoyin na Turawa ba su da laifi, domin suna kiran cikakken suna. Matsalar tana zuwa ne idan an yanke bidiyon zuwa daƙiƙa 40, wani ya ɗora murya a kai, aka turo maka a WhatsApp.

Inda suka faɗi gaskiya

Babban darasin da waɗannan bidiyoyi ke koyarwa daidai shi ne: a nesa, iska ce ke mulki. Tun 1638 Galileo ya nuna cewa abin da aka jefa yana bin hanya mai lanƙwasa, amma lissafinsa bai sa iska a ciki ba. Sai a 1742 wani Baturen Ingila, Benjamin Robins, ya ƙera na'urar lilo da ke auna gudun harsashi, ya gano cewa turjiyar iska ta ninka yadda ake zato nesa ba kusa ba.

Ka taɓa miƙa hannu waje kana cikin mota a titin Ali Akilu? Idan ka buɗe tafi, iska za ta tura hannun baya. Idan ka kwantar da shi kamar wuƙa, sai ya ratsa. Haka harsashi yake. Dogo, siriri, mai tsinin baki da matsattsen gindi, kuma mai nauyi idan aka kwatanta da faɗinsa, ya fi riƙe gudunsa. Masana suna ba kowane harsashi maki kan wannan, mu kira shi makin ratsa iska.

Shi ya sa ake ta ruruta 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 domin gasar harbin allo. Harsashinsa kusan giram 9 ne, yana fita da kusan mita 820 a daƙiƙa, wato a bakin bindiga bai kai .308 kuzari ba. Amma da yake siriri ne, a hankali yake rasa gudu. A iskar gefe mai gudun mita 4.5 a daƙiƙa, irin wadda ke kaɗa tuta sosai, harsashin 7.62×51 na gama-gari zai kauce kusan santimita 70 a nisan mita 500, shi kuma 6.5 kusan santimita 45. Wannan gaskiya ne, fiziks ya yarda.

Sun kuma yi daidai kan tsagin cikin bututu. Bindigar toka da maharbanmu suka gada, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan 'yan kasuwar Denmak da suka riƙa kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, cikinta sumul yake, don haka abin da ta harba yana tafiya yana tangaɗi. Bindigar zamani tana da tsagi mai murɗewa da ke juya harsashi kamar katantanwar yara. A AK, harsashi yana zagaye ɗaya a duk santimita 24, wato kusan zagaye 3,000 a daƙiƙa guda. Wannan juyin ne ke hana shi wuntsilawa. Tarihinmu ma ya ɗanɗani wannan bambanci a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, lokacin da masu kwari da baka da bindigar toka suka fuskanci bindigogi masu tsagi da Maxim.

To daga nan ne gyara ya fara.

Kwana na farko: jul ba shi ne komai ba

Kusan kowane jadawali yana sa kuzari a sahun gaba, kamar makin jarrabawa: wanda ya fi jul shi ya zo na ɗaya. Lambar tana da ban tsoro kam. Jul 3,350 daidai yake da buhun siminti mai kilo 50 ya faɗo daga tsayin kusan mita 7. Amma kibiyar maharbin baka na zamani da ƙyar take kai jul 100, kuma tana kayar da babbar dabba ba tare da dafi ba. Yaya aka yi? Domin abin da ke kashe dabba shi ne lalacewar zuciya ko huhu ko ƙwaƙwalwa, da zubar jini. Tambayar ita ce ina harsashin ya shiga, ya kai zurfin da ake buƙata, kuma me ya faru da shi a ciki.

Wannan ya dogara da ƙirar harsashin kansa. Na soja an lulluɓe shi da ƙarfe har baki, domin tun Sanarwar Heg ta 1899 aka haramta amfani da harsashi mai buɗewa a jiki wajen yaƙi tsakanin ƙasashe, irin wanda aka sani da dumdum, sunan wata ma'aikatar makamai kusa da Kalkata a Indiya. Na farauta kuma da gangan ake yin sa ya buɗe, don dabba ta mutu da wuri kada ta wahala. Harsashi biyu masu kaliba ɗaya da jul ɗaya za su iya yin aiki mabambanci ƙwarai. Kuma mai buɗewar ma yana da mafi ƙarancin gudun da yake buƙata kafin ya buɗe. Idan ya yi nisa ya gaji, sai ya huda kawai ya wuce.

Masu son siririn harsashi suna yawan kawo labarin W.D.M. Bell, ɗan Sikotlan da ya kashe giwaye fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, akasari da ƙaramin harsashi 7×57. Gaskiya ne. Abin da ba sa ƙarawa shi ne, Bell ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa sosai, kuma kusa yake matsawa kafin ya harba. Labarinsa hujja ce kan sanin jikin dabba da kusanci, ba kan harbi daga nesa ba. Shi ya sa har yau ƙasashen Afirka da dama da ke ba da izinin farautar manyan namun daji masu haɗari suke sa .375 H&H, wanda ya fito a 1912, a matsayin mafi ƙarancin abin da za a riƙe.

Sai kuma batun "yana ɗaga mutum sama ya yar", wanda finafinan Indiya da na Amurka suka cusa mana. Dokar Newton ta uku ba ta yarda ba. Turin da harsashi ke ɗauke da shi, wato nauyi sau gudu, kusan daidai yake da tokarin da bindiga ke yi wa kafaɗar mai harbi. Giram 9.5 sau 840 zai ba ka kusan 8 a ma'aunin kilo-mita a daƙiƙa. Ƙwallon ƙafa da aka buga da gudun kilomita 67 a awa, turinta ke nan. Da harsashi yana jifa da wanda ya sama, da ya yi jifa da wanda ya harba shi.

Kwana na biyu: gwajin ba na adalci ba ne

Mu masu bincike, abin da muke fara tambaya shi ne: sau nawa aka gwada? A bidiyoyi da yawa, harbi uku ake yi da kowace bindiga, a auna tazarar ramukan, a yanke hukunci. Harbi uku ba ya isa. Ko da bindiga ɗaya da harsashi iri ɗaya, rukunin uku na farko zai iya matsewa, na biyu ya watse, don sa'a kawai. Kamar ka tambayi mutum uku a Kasuwar Barci ka ce ka san ra'ayin mutanen Kaduna. Sannan ba ka san rukuni nawa aka ɗauka aka goge kafin a nuna maka mai kyan ba.

Na biyu, sau da yawa ana ɗauko sabon harsashin gasa mafi tsada a ɓangare ɗaya, a haɗa shi da na gama-gari a ɗaya ɓangaren. Ko lissafin santimita 70 da 45 da muka kawo a sama yana da wannan aibin, kuma da gangan muka kawo shi haka don ka gani. Idan aka sa wa .308 dogon harsashi mai nauyi, tazarar tana raguwa. A nisan mita 200 kuwa, inda akasarin farauta ke faruwa, bambancin bai wuce 'yan santimita ba.

Na uku, lambobin gudu da ke jikin kwali yawanci daga bututun gwaji mai tsawon santimita 61 ake samo su. Bindiga mai gajeren bututu ba za ta kai wannan gudun ba.

Na huɗu, kada ka manta kasuwa ce. Masu bidiyo da yawa kamfanoni ne ke ba su kaya ko kuɗin talla, kuma kamfani ba ya cin riba idan ka gamsu da abin da kakanka ya bari. Harsashi mai faɗin 6.5 ba sabon abu ba ne: Suwidin da Nowe sun karɓi 6.5×55 tun 1894, kuma mafarautansu sun fi shekara 100 suna amfani da shi.

Kwana na uku: iskar jadawalin ba iskar Kaduna ba ce

Jadawalin da kake gani an gina shi ne kan iskar bakin teku mai zafin digiri 15, wadda nauyinta kilo 1.225 ne a kowace kyubik mita. Kaduna tana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku. Da rana a watan Maris ko Afrilu, idan zafi ya kai digiri 35, nauyin iskarmu yana sauka zuwa kusan 1.07, wato ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Da asubar hunturu mai digiri 15 kuma kusan 1.14 ne. Iska mara nauyi ba ta riƙe harsashi sosai, don haka ya fi tafiya. Ka ga ke nan ko a gari ɗaya, lissafin Janairu daban, na Afrilu daban. Ƙara da ƙurar hunturu da ke rufe ido, da kawalwalniyar rana da ke sa abin da kake hange yana rawa. Jadawali bai san da waɗannan ba.

Allo ba ya tafiya, barewa tana tafiya

Nan ne muka fi samun saɓani da waɗannan bidiyoyi. Suna haɗa abubuwa biyu a jimla ɗaya, harbin nesa da farauta, kamar ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Ba haka ba ne.

Harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga, domin ƙasa tana jan sa kamar yadda take jan mangwaron da ya tsinke. A mita 100, tafiyar kusan kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ce, faɗuwar kuma ba ta kai santimita 8 ba. A mita 500, tafiyar ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, faɗuwar ta haura mita 2. A mita 1,000 ta wuce mita 10. Lura da yadda abin ke ninkuwa: nisa ya ƙaru sau 10, faɗuwa ta ƙaru fiye da sau 100.

Yanzu sa dabba a wurin. Inda zuciya da huhun barewa suke bai fi taƙi guda ba, ka ce santimita 20. Idan mai harbi ya yi kuskuren mita 25 kacal wajen ƙiyasta nisan mita 500, harsashin zai sauka sama ko ƙasa da kusan taƙi. Idan iska ta canja a tsakiyar hanya, inda ba ya jin ta a fuskarsa, wani taƙin ke nan ko fiye. Idan kuma barewar ta yi taku ɗaya a cikin wannan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, tana tafiyar kiwo ta mita ɗaya a daƙiƙa, ta matsa santimita 75. Harbin da aka saita a ƙirji ya koma ciki ko cinya.

A gasar allo, wannan kuskuren maki ne ya ragu. A daji kuwa dabba ce za ta gudu da rauni, ta kwana biyu tana wahala, ta mutu inda ba mai ganin ta, ta zama mushe. Ba mai cin nama, ba mai cin lada. Bidiyon ba zai nuna maka wannan ba, wanda ya faɗi nan take kaɗai ake ɗorawa.

Maharbin gargajiya da ke rarrafe da burtu a ka, yana bin iska don kada dabba ta shaƙi warinsa, har ya matso kusa, ya warware wannan lissafin ne ta hanyar rage nisa. Duk kurakuran da muka lissafa suna ƙanƙancewa idan tazara ta ragu. A mahangar kimiyya, dabararsa ta fi ta mai madubin hange na miliyoyin naira inganci wajen rage kuskure.

Sannan mu tambayi kanmu: wace dabbar ma za a harba? Gandun Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari ya zama gandun ƙasa a 1999, kuma farauta haramun ce a cikinsa, haka ma Yankari a Bauchi. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 suna nan. Gwanki da kanki da ɓauna da kakanninmu ke ba da labari sun yi ƙaranci ƙwarai. Bidiyon an yi shi ne don ƙasar da ake ƙirga dabbobi, a ba da lasisi da lokaci da adadi.

Abin da ba sa nunawa sam: ina wanda ya kuskure ya tafi?

Kowane filin harbi da ka gani a bidiyo yana da tudun ƙasa a baya mai tare harsashi, da fili fetal bayan tudun. Kyamara ba ta damu da shi ba, amma shi ne abu mafi muhimmanci a wurin.

Akwai bambanci tsakanin nisan da mutum zai iya samun abin da ya saita, da nisan da harsashi zai iya kaiwa. Na AK, ana maganar mita 300 zuwa 400 a na farko, amma harsashin yana iya tafiyar kilomita 2 zuwa 3. Na 7.62×51 yana kai kusan kilomita 4. Hatta ɗan ƙaramin .22 da ake rainawa, a jikin kwalinsa ana gargaɗin cewa yana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Buɗe taswira a wayarka, ka ɗora yatsa a Dandalin Murtala, ka zana da'irar kilomita 4. Unguwan Rimi na ciki. Unguwan Sarki na ciki. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na ciki, Asibitin Barau Dikko na ciki, da makarantu da masallatai da coci-coci da ba za ka iya ƙirgawa ba. Wannan shi ne ainihin ma'anar "yana zuwa nesa" ga mazaunin birni.

Harbin sama na murna ko na tarwatsa taro fa? Wani hafsan sojan Amurka, Julian Hatcher, ya ruwaito gwajin da ya nuna harsashi mai kaliba .30 da aka harba sama tsaye yana dawowa da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa. Fatar mutum tana iya hujewa daga gudun mita 45 zuwa 60. Kuma wanda aka harba a karkace ya fi haɗari, domin bai tsaya ba, bai daina juyi ba, da bakinsa yake saukowa. Likitoci a wani asibiti a Los Anjalas sun bi bayanan mutum 118 da irin wannan harsashi ya faɗo wa tsakanin 1985 da 1992: kashi 77 cikin 100 a ka ya same su, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suka rasu. Kwanon rufi na langa-langa ba garkuwa ba ne. Wannan daban yake da bugun 'yan bindiga a hawan daba, irin wanda Kaduna ta gani a 1956 da 1977, inda al'ada ita ce albarushi da ƙara da hayaƙi, duk da cewa shi ma yana ƙona na kusa.

Dalma a cikin nama

Akwai wani shirun kuma. Akasarin harsasan farauta cikinsu dalma ce, kuma mai gudu sosai yana farfashewa idan ya shiga jiki. Binciken hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota a 2008 ya gano ɓurɓushin dalma har nisan santimita 45 daga hanyar raunin, ƙanana da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, musamman ga yara. Mu a Arewa ba baƙin wannan ba ne: gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019. Gudun da bidiyo ke yabawa shi ne ke ƙara watsa dalmar a naman da za a kai gida.

Doka fa?

Wannan bidiyon Amurka ba zai gaya maka ba. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu kaliba 7.62 da 9 na milimita, da .300 da .303 na inci. Akwai na mutum, kamar wasu bindigogin harbin tsuntsu da na wasanni, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ka lura, ramin bututun .308 da ake ta musu a kai milimita 7.62 ne. Mallakar haramtacciyar bindiga ba izini kuwa, ɗaurin da dokar ta tanada bai gaza shekara 10 ba.

Kuma a jihar da ta ga harin NDA a Afaka a Agustan 2021, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, lambar 7.62×39 ba sunan kayan wasa ba ce. Akwai gidajen da wannan lambar ta shiga ba ta fita ba.

Hukuncinmu

Shin ka daina kallo? A'a. Idan darasin fiziks kake nema, waɗannan bidiyoyi suna da amfani, kuma malamin sakandare zai iya koyar da jan ƙasa da turjiyar iska da dokokin Newton da su, ɗalibai su fi ganewa fiye da zanen allo. A kan ratsa iska da juyin harsashi, mun ba su maki mai kyau. A kan tsarin gwaji, sun faɗi. A kan farauta, suna nuna nasara suna ɓoye asara. A kan lafiyar wanda ke bayan abin da aka saita, ba su ma zauna jarrabawar ba.

Don haka idan aka sake turo maka irinsa, yi masa tambaya biyar. Wane harsashi takamaimai, da nauyinsa da ƙirarsa? Harbi nawa aka yi, kuma an nuna duka? Wa ya biya kuɗin bidiyon? A wane yanayi da wane nisa? Sannan, wanda ya kuskure, ina ya sauka?

Idan kuma musun ya sake tashi a teburin mai shayi, aka juyo aka ce kai me ka gani, wanne ya fi zuwa nesa, ka ce musu dukkansu suna wuce unguwarku su shiga ta gaba. Duk wanda ke da tambaya kan lissafin da muka yi, ya ajiye ta a ƙasa, za mu warware shi dalla-dalla.